Da wace kalma za mu fassara "symbole"? Shiri na ranar Asabar

Zabba'u: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan gabatar da shirin adabi a wani gidan rediyo nan Maradi, kan littafin William Golding na 1954 da muka karanta a lakol da sunan Sa Majesté des mouches (Lord of the Flies a Turanci). Yara ne jirginsu ya faɗi a tsibiri, babu babba ko ɗaya. "Thème" na sa jigo. "Symbole" ce ta tsaya mini. Katantanwar tekun nan da Ralph, shugaban yaran, ke busawa a taru, wanda ya riƙe ta shi kaɗai ke da bakin magana, da wane suna zan kira irinta?

Malam Issa: Alama. An gama.

Zabba'u: Malam, alama ai ta bakin hanya ma alama ce. Katantanwar tana nan a matsayinta na katantanwa, amma doka da bin layi ne a cikinta. Shi ya sa lokacin da Roger ya gangaro dutse ya kashe Piggy, ita ma ta farfashe tare da shi.

Hadiza: Yaya, a jami'o'in Najeriya alamtarwa suke cewa, jerinsu ɗaya da kamantawa da siffantawa cikin dabarun adon harshe.

Baba Na-Tibiri: Komai sai an tsallaka Jibiya an ɗauko? Ni na daɗe da tawa: goyau. Abu ne da ya goyo wata ma'ana a bayansa, kamar uwa da ɗanta, kana ganinta daga gaba ba ka san da yaron ba sai ta juya. Tabaraun Piggy goyau ne. Gilashi ne kawai, amma da shi suke hura wuta, kuma ranar da Jack, abokin hamayyar Ralph, ya sace shi mulki ya koma hannunsa. Alama kuwa Larabci ce, ishara ma haka.

Malam Issa: Baba, littafi da karatu ma Larabci ne. A soke shirin ke nan?

Hadiza: Goyau 😂 sai ka ce sunan maganin ciwon baya.

Baba Na-Tibiri: Yi dariya, ɗiyata. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma har yau in ba a buga wa kalma hatimi a Kano ba, sai mu ji kunyarta. Mu Katsinawa ne, ba a koya mana Hausa.

Sanusi Kano: Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce a koya muku. Ɗalibi dai zai buɗe littafin nazari, alamtarwa zai gani, ba zai ga goyau ba.

Baba Na-Tibiri: Wanda ya fara rubuta alamtarwa, a wane littafin ya gan ta?

Sanusi Kano: Ko ba komai daga alama ta fito, kowa ya ji zai gane.

Malam Issa: Ku kuma masu littattafan, ku kuke kiran "personnages", wato mutanen cikin labari, taurari. Ralph tauraro, na yarda. Roger da ya kashe yaro fa, shi ma tauraro?

Hadiza: Wannan wata rigimar ce, Malam, a bar ta sai wani makon.

Zabba'u: Don Allah ku dawo. Ga inda ya fi wuya: kan aladen da suka soke a tsinin sanda, ƙudaje sun rufe shi, kyauta ga dodon da suke tsoro. Simon ne ya gane dodon a cikinsu yake, ya hau dutse ya tarar gawar mai laimar sauka ce, ya sauko ya faɗa musu suka kashe shi. Na gwada "kan aladen goyau ne na muguntar ɗan Adam" da ƙarfi, Baba, wallahi ya zauna a baki. Amma direban da ke saurare a tasha ba zai san me nake nufi ba, kuma minti 30 gare ni.

Malam Issa: To raba su. Abin kansa alama, dabarar marubucin alamtarwa.

Zabba'u: Haka zan yi. In na zo bayani zan ce "alama mai goye da ma'ana".

Baba Na-Tibiri: An ɗauki rabin kalmata ba a biya ba. Zan saurara ranar Asabar, kuma in an buɗe layi zan kira.

Sanusi Kano: A turo mana sautin, ba ma kama tashar a nan.