Masu wankin gilas: kowane kwastoma da lokacin da yake so, ya kuke yi da su?

Ɗan_Bawadi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka jima a sana'ar wankin gilas ku ba ni shawara. Ina aiki ne a wata mu'assasar nazafa (kamfanin tsaftace wurare) anan Jidda, mai gidan ya damƙa min ɓangaren gilasai ni da yara biyu da mota ɗaya, muna yin shaguna da gidajen abinci da 'yan filloli (manyan gidajen zama). Alhamdulillah aiki na zuwa amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kowa da lokacin da yake so, wannan yace duk sati, wancan yace bayan sati biyu, wani yace wata-wata, wani yace shi sai wata uku, sai kuma masu cewa kar ka zo sai na kira ka, kuma duk kuɗi ɗaya nake karɓa a kowane zuwa saboda kunyar in ce ma mutum naka ya fi na maƙwabcinka. Yanzu sai ka ga rana ɗaya na tashi daga Bawadi na tafi har Ubhur saboda gida ɗaya tal, na dawo Safa saboda shago biyu, ga cunkoson titin Madina ga mai, yamma ta yi ba a yi abin kirki ba mai gida kuma yana tambaya ina kuɗi.

To ku ya kuke yi? Duk abin da kwastoma ya ce shi kuke bi ko ku kuke yanka mai? Kuma kuɗin na canzawa ne idan tazarar ta yi nisa? Masu "sai na kira ka" ɗin nan fa, a riƙe su ko a sallame su?

Baba_na_Jarwal:

Wa alaikumus salam. Yaro ai matsalarka ba ta kwastoma ba ce, kai ne ka buɗe ƙofa kowa ya shigo da dokarsa. Idan ka tambayi mutum "yaushe kake so in riƙa zuwa" to duk abin da ya faɗo bakinsa shi zai ce, shi bai san ina za ka fito ba bai san ina za ka ba. Ni ba na tambaya haka. Cewa nake Alhaji unguwar nan ran Talata nake shigowa, akwai na duk sati, akwai na sati biyu, akwai na sati huɗu, ɗauki ɗaya. Zaɓi yana hannunsa amma a cikin kwanona yake zaɓa.

Kuma ka lura sati nace ban ce wata ba. Ka daina lissafi da wata kwata-kwata. Na farko dai anan ƙasar idan mutum yace wata ba ka san wanne yake nufi ba, dattijai da yawa har yau da hijiriyya suke lissafi, 'yan kasuwa da ma'aikata kuma da miladiyya, kuma tsakanin shekarun biyu akwai kwana 11 ko kusa da haka, tafiya ta yi tafiya sai ka ga kai kana cewa lokaci ya yi shi yana cewa da saura. Na biyu wata ba ya faɗowa a rana ɗaya, yau 1 ga wata Talata ce wani watan Juma'a ce, ya za ka haɗa shi da ranar unguwa? Amma 1 da 2 da 4 da 8 duk suna hawa kan juna, mai sati huɗu da mai sati biyu dole su haɗu a Talata ɗaya, mota ɗaya tafiya ɗaya. Wanda yace sati uku ko sati shida ka lallaɓa shi ya dawo biyu ko huɗu ko takwas, in ba haka ba shi kaɗai zai riƙa fitar da kai. Ga kuma wata riba da ba kowa ke lura ba, sati huɗu-huɗu sau 13 ne a shekara, wata-wata sau 12.

Batun kuɗi kuwa cire kunyar nan. Gilashin da aka wanke satin da ya wuce ƙura ce kawai a kai, ka shafa sabulu ka ja massaha (robar share ruwa daga gilas) ka wuce. Wanda ya yi wata uku fa? ruwan mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ya ɗiga a kai ya bushe ya bar farin tabo, tantabaru sun yi nasu, mu anan Makka ka san yadda tantabara take ba mai korarta, ƙasa ta cika layin almuniyam ɗin, sai ka sa ruwan khal (binega) ka jira ka goge ka sake. Wannan ba aiki ɗaya ba ne don haka ba kuɗi ɗaya ba ne. Misali kawai nake ba ka, kai ka san kasuwarku: ƙofar shago in duk sati riyal 40 ne, sati biyu ka ce 50, sati huɗu 70. Mai sati huɗu zai ga a wata 70 ya biya, maƙwabcinsa 160, ransa ya yi fari, kai kuma ba ka yi aikin banza ba. Wankin farko kuma daban ne ko da wane tsari ya ɗauka, wannan a faɗa tun kafin a sauke tsani daga mota.

Akwai kuma aikin mausim (lokacin Hajji) wanda shi ba ya shiga wannan lissafin sam. Benayen Aziziyya da yawa a rufe suke yawancin shekara sai an zo saukar alhazai a buɗe, irin waɗannan zuwa ake a duba da ido a yi ciniki a kan ginin gaba ɗaya, kar ka kuskura ka faɗi kuɗi ta waya.

AbuHanan_Riyad:

Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma da ɗan gyara, don tsarin nan naka a Riyad ƙura ce ke rusa shi. Mu daga wajen Maris zuwa Mayu za ka wanke gilas da safe yana walƙiya, la'asar gari ya yi ja, gobe waya ta fara ƙara wai malam ba ka wanke da kyau ba. In kuma aka yi ɗan yayyafi a kan ƙurar nan to laka ce ta zuba, duk wanda kake ma aiki zai kira a rana ɗaya, mai sati huɗu da ya rantse shi ba ya buƙatar fiye da haka shi ne ma zai fara kira.

Abin da nake yi tun ranar da muka fara magana da kwastoma nake ce mai akwai wankin bayan ƙura, waje kawai banda ciki, rabin kuɗi, kuma masu duk sati su nake fara yi ma sannan masu sati biyu, a haka a haka har a zo kan na ƙarshe. Kaga ko ba ka ce komai ba mutum ya gane amfanin kusanto da tazararsa. Kuma ba ya taɓa ranarsa ta asali, ranar tana nan.

Ɗan'uwa na Jidda ku kuma naku ruɗuba (danshin iska) ce da iskar teku, gidajen Ubhur da bakin Kornish gishiri ke kwanciya a gilas ya haɗu da danshi ya yi dishi-dishi, ni da ni ne ba zan yarda da sati takwas a can ba, don in ka yarda kai za a zaga, baƙo zai zo gidan ya ga gilas ya tambayi waye ke wankewa a ce wane ne, ba wanda zai ce ai mai gidan ne ya ƙi biyan na sati huɗu.

Sai ka tuna da saif, wato lokacin zafi. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 na rana, tara ce a kan mu'assasa in aka kama, kuma ko ba doka ma gilas mai zafi ba ya wankuwa, kafin ka ja massaha sabulun ya bushe ya bar zane. Ya'ani awanninka na aikin waje sun ragu, daga bayan asuba zuwa hantsi ne mai kyau, to in ka cika littafinka da masu duk sati a lokacin sanyi ka tabbata za ka iya ɗaukarsu in zafi ya shigo.

Maman_Ilham:

Salam. Ni ba mai wanki ba ce, ina kula da shagon abaya da turare ne anan Jidda, bari in faɗa muku yadda abin yake ta ɓangarenmu tunda naga duk kun haɗu a kan kwastoma lol.

Wlh ba rowa ke sa mu ce kaza ba, wani lokacin ku ne ba ku rarrabe aikin. Ƙofar shagona ta waje kwana biyu ta cika da shatin hannun yara, amma gilasan sama da na ciki inda aka jera kaya sai su yi wata ba abin da ya same su. Wani da ya taɓa yi mana yace shi dole duka ko ba komai, duk sati, na ce to a bar shi. Wanda ke yi mana yanzu ƙofa da gaban shago duk sati, ciki da sama sau ɗaya a sati huɗu, kuma da azumi da kansa yake ƙara zuwa a goman ƙarshe saboda ya san kasuwar dare ce mutane har sahur suna shigowa sayayyar sallah, in biya shi ƙarin ban ji komai ba.

Na gida kuma dan Allah Malam Ɗan Bawadi ka riƙe wannan, ko da ranar mutum ce ka turo saƙo a WhatsApp tun daren jiya. Gida da mata a ciki ba za a wayi gari kawai a ga namiji a kan tsani a bakin taga ba, sai an saki labule an kimtsa, wasu gidajen ma in mai gidan ba ya nan haris (mai gadi) ba zai buɗe ba. Da yawa masu ce maka sai na kira ka ba wai ba sa son tsari ba ne, abin da suke gudu kenan, a faɗo musu ba sanarwa. Kuma banda safiyar Juma'a, mutane na barci.

Ɗan_Bawadi:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Abu Hanan. Hajiya wannan ta raba waje da ciki ta shige ni sosai, akwai masu gidan abinci biyu da nake ganin haka zai fi musu. Amma Baba tsofaffin kwastomomin fa da suka saba da kuɗi ɗaya, in na je na ce ya ƙaru ba za su gudu ba? Kuma akwai masu cewa "yau tsallake ni bai yi datti ba" bayan na riga na iso ƙofa.

Baba_na_Jarwal:

Wasu za su gudu mana, kuma ka duba da kyau waɗanda za su gudun, yawanci na nesa ne masu wata uku da dama su ke cinye maka mai. Kar ka je ma mutum da maganar ƙari, je mai da maganar rana. Ka ce Alhaji daga bayan sallah mun raba unguwanni, taku ran kaza ce, ga tsari uku ga kuɗin kowanne, wanda ya dawo kusa ma nasa sauka zai yi a kowane zuwa. A rubuce, da sunan mu'assasa, a nuna ko da dariba (harajin VAT) 15% a ciki ko babu, don nan ma ana rigima.

Mai tsallake ni kuwa, sau ɗaya ba komai mutum na iya tafiya ko wani uzuri, balle lokacin hutun makaranta da gidaje ke watsewa. Amma in ya tsallake to zuwa na gaba kuɗin tazarar da gilashin ya yi zai biya, mai sati biyu da ya tsallake ya zama mai sati huɗu a wannan karon. In ya mayar da abin ɗabi'a ka mayar da shi layin masu kira. Su masu kiran ban ce ka kore su ba, maganar Hajiya gaskiya ce wasu sanarwa kawai suke so, gwada musu saƙon dare ka gani da yawa za su shigo tsari. Wanda ya ƙi, kuɗin wankin farko zai riƙa biya duk zuwa, kuma ba ranar da ya kira ba, ranar da motarka ta bi ta unguwarsu.

Sani_Kilo14:

Ƙari kaɗan akan na su Baba. Masu duk sati kar ka tsaya karɓar 40 40 a hannu, kullum za a ce mudir (manaja) ba ya nan, ka mayar da su shahariyya (biyan wata-wata) su tura ta banki kuma ka sa ranar biya bayan 27 ga wata lokacin da albashi ya shiga kuɗi na yawo a gari. Sannan gilas mai ledar duhun nan da ake mannawa saboda rana ka gargaɗi yaranka kar su sa mai reza komai daɗewar dattin, in ta yage kuɗin wankin shekara ba zai biya ba, irin waɗannan ni ba na karɓarsu a kan fiye da sati huɗu.

Wai Ubhur ɗin ta arewa kake zuwa ko ta kudu? Akwai wani haris ɗan garinmu a can da yake neman mai yi musu filloli huɗu a layi ɗaya, in ranar ta dace sai ka haɗa da gidan naka guda.

Ɗan_Bawadi:

Ta arewa ce Yaya Sani. Asabar nake so in ba su, tambaye shi ko Asabar da sassafe ta yi musu.