Roka 1.5 ko 1.6 ga tsohon injin Chevy 350? Na ciki suna cinye min buɗewar bawul

Mai_Impala69:
Assalamu alaikum jama'a, masana inji dan Allah a taimaka min da shawara. Ina haɗa injin 350 na Impala ƙirar 1969, na sa sabon kam (sandar nan mai tuddai da ke juyawa tana sa bawul ya buɗe), takardar da ta zo da shi ta ce tudun kam ɗin 0.300 ne na inci, wato da roka (ɗan ƙarfen da ke lilo yana danna kan bawul) mai reshiyo 1.5, wanda ke ninka tudun sau 1.5, ya kamata bawul ya buɗe 0.450. Toh da na kafa agogon awo a kan ritena (ɗan faifan da ke riƙe sifirin a saman bawul) na juya injin da hannu sai ga wani bawul ya bani 0.441, wani 0.436, wani ma 0.428, kowa da kiɗansa. Rokan da ke ciki irin na farantin ƙarfe ne da ake dannawa a masana'anta, kuma ba na asali bane, wanda na sayi motar a hannunsa ne ya canza su, ko suna babu a jikinsu. Yanzu so nake in sayi saiti mai reshiyo na gaskiya, amma na rasa ko in tsaya a 1.5 ko tunda canzawa zan yi in haura 1.6 kawai, kuma mai taya a baki kaɗai zan ɗauka ko mai boris gaba ɗaya? Motar ta yawo ce ba ta tsere ba.

Dattijon_Gareji:
Wa alaikumus salam. Kafin ka ɗora wa roka laifi, da wane lifta (ɗan ƙarfen da ke zaune a kan tudun kam) ka auna? In haidirolik ne kuma babu mai a cikinsa to sifirin ɗin bawul zai danne shi ya lotsa, awonka ya fito ƙasa ko da rokan zinare ne. Ana auna wannan da lifta sandararre ko kuma a cire sifirin a sa ɗan laushin nan na gwaji.

In kuma ka yi hakan to ba abin mamaki bane yaro, irin waɗannan rokan an daɗe da sanin ba sa cika 1.5 ɗin da ake faɗa. Reshiyo ba komai bane illa nisan tsakiyar roka zuwa inda yake taɓa bawul, a raba da nisan tsakiyar zuwa kofin da fushrod (sandar da ke turo roka daga lifta) yake zama, kamar ma'aunin sikeli ne da aka goce masa tsakiya. Gefen kofin gajere ne, shi yasa in kofin ya goce ko da kaurin farce ne lissafin ya canza. Ga shi farantin yana ɗan lanƙwasa in sifirin ya yi ƙarfi, ga ƙwallon da yake juyawa a kai ya cinye. Raba 0.428 da 0.300 ka gani, 1.43 kenan, mai 0.441 ɗin kuma 1.47. Ni ba raguwar ce ta fi damuna ba, bambancin ne, silinda takwas kowacce tana shaƙar nata daban ta yaya za ka saita kafireta inji ya zauna lafiya?

V8_Zalla:
Oga kar ka ɓata lokaci, ɗauki 1.6 mai boris na alminiyom ka wuce wajen, 0.300 sau 1.6 ai 0.480 ne, kamar ka ƙara girman kam ne ba tare da ka sake buɗe gaban inji ba. Ford 289 da 302 tun daga kamfani da 1.6 suke zuwa, babban injin Chevy kuma 1.7, ba abin da ya same su.

Dattijon_Gareji:
Waɗancan ai da haka aka zana su tun farko. Kowane inji da nasa zanen.

Injiniya_Bawul:
Malam V8 lissafinka daidai ne amma ka tsallake wahalar da ke biyo baya. Roka 1.6 na ƙaramin injin Chevy irin 350 ana samunsa ne ta matso da kofin fushrod kusa da sitod (ƙusar da roka ke zaune a kanta), kuma tsofaffin top silinda irin na 1969 ramin da fushrod yake bi matsattse ne da gangan domin shi ne yake riƙe roka kar ya karkace daga kan bawul. Da ka matso da fushrod sai ya fara gugar bakin ramin, in ba a tsawaita ramin ba wata rana ka buɗe ka tarar da shi a lanƙwashe da zobe mai sheƙi a jikinsa, kuma aikin tsawaitawar sai an sauke top saboda garin ƙarfe.

Sannan ƙarin 0.030 ɗin nan ba kyauta bane, dole ka duba sifirin bai haɗe ba in bawul ya buɗe ƙarshe, ana son a bar masa kamar 0.060 kafin zoben su manne, ka duba ƙasan ritena bai daki sil ɗin bawul ba, ka duba tsakanin fistin da bawul, galibi ana barin 0.080 a na shaƙa da 0.100 a na hayaƙi. Sitod ɗin ma na waɗannan top ɗin yawanci dannawa aka yi ba zare ba, 3/8 na inci, in nauyi ya yi yawa a hankali yake zarowa kai kana ta ɗaure noti kana cewa tafet ne yake ƙara. Kuma in kam ɗinka mai lifta shafaffe ne ba mai taya ba, ƙarin reshiyo ƙarin nauyi ne a kan tudun kam, shi kuma dama da baƙin mai mai sinadarin zinc yake rayuwa.

Ga motar yawo ni 1.5 na gaskiya zan ce, na ƙarfe mai taya a baki ko mai boris na kamfanin da aka sani irinsu Comp Cams, Harland Sharp ko Scorpion. Daga 0.428 zuwa 0.450 ma ai ka samu ƙari. Alminiyom ba laifi a tsere amma yana gajiya da daɗewa, kuma marasa sunan nan masu ƙyalli in boris ɗinsu ya fashe alluran cikinsa kwanon mai suke gangarawa. Wani abu kuma, masu boris da dogon notinsu sau da yawa ba sa shiga ƙarƙashin murfin bawul na asali, in kana son injin ya ci gaba da kama da na 1969 ka sa wannan a rai.

Mai_Impala69:
Nagode ƙwarai Baba, da sifirin gwaji na auna, liftan bai lotsa ba, kenan rokan ne. Injiniya na gamsu, 1.5 zan tsaya. Amma na ga wasu an rubuta masu saita kansu ne wasu kuma a'a, wanne ne nawa? Kuma fushrod ɗin da nake da su za su yi?

Injiniya_Bawul:
Masu saita kansu suna da ɗan kunne biyu a baki da ke rungumar kan bawul, na top ɗin ƙarshen shekarun 1980 ne zuwa sama, masu ramin fushrod mai faɗi. Kai da matsattsen rami ka ɗauki marasa kunne. Abu ɗaya kawai ake so ya riƙe roka, ko ramin, ko farantin jagora (farantin da ke riƙe fushrod a layi), ko kunnen, in ka haɗa biyu za su yi ta ja-in-ja har wani ya ci wani. Leƙa ramin naka da fitila tukuna dan ba mu san ko mai motar na baya ya canza top ba tunda ya taɓa roka.

Fushrod kuma kar ka ɗauka na da zai yi. Na asali wajen inci 7.8 ne, amma in an taɓa share fuskar top ko bulok, ko sabon kam ɗin gindinsa ya fi ƙanƙanta, tsawon da ake buƙata ya canza. Shafa maka baƙa a kan bawul, ɗora sabon roka, juya injin da hannu zagaye biyu ka cire ka duba sawun tayar. Siririn layi kusa da tsakiya ake so. In ya karkata gefen manifol ɗin shaƙa fushrod ya yi gajere, in ya karkata gefen salansa ya yi tsawo, kuma siririn sawu ya fi min wanda ya zauna tsakiya cif amma mai faɗi. Akwai fushrod na gwaji mai zare da ake ƙara wa tsawo ana ragewa, da shi za ka gano naka kafin ka yi oda.

Dattijon_Gareji:
In sababbin sun iso kar ka yarda da abin da aka rubuta a kwali, mayar da agogon nan ka bi duk rokan sha shidan ɗaya bayan ɗaya ka rubuta a takarda. Wanda ya fita daga sahun 'yan uwansa ka mayar musu da shi. Ka kawo mana lambobin mu gani.