Daga Madani zuwa Damazin a Sudan da damina: hanyar tana biyuwa da tsohuwa a mota?

Ɗan Madani:
Salamu alaikum 'yan uwa. Inna ta matsa sai na kai ta ta ga ƙanwarta a wani ƙauye kusa da Damazin, shekara tara ba su haɗu ba. Ni kuwa iyakata Sinnar, ban taɓa wuce nan ba. Ga shi muna tsakiyar watan Agusta, ƙafafunta kuma ba sa son dogon zama. In tafi da ita yanzu ko in jira ruwa ya ɗauke? Wanda ya san hanyar ya taimaka.

Direban Lori:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara 20 ina ɗaukar dawa da riɗi a wannan layin. Daga Madani za ka bi Haj Abdallah da Wad Haddad ka faɗa Sinnar, wajen kilomita 100. Sai Mai Wurno, Sinja, Abu Hujar, Wad Nayyal, sannan Damazin. Duk a yammacin kogin Bahar Azrak (Shuɗin Nilu) kake, ba za ka ƙetare shi ba sai in Rusairis za ka shiga.

Kwalta ba ta ba ni tsoro, ramuka ne kawai, ka bi a hankali. Abin tsoro yana inda za ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyen. Baƙar lakar yankin nan in ta sha ruwa, sai ta kama taya kamar danƙo. Na taɓa kwana biyu a bakin wani rafi bayan Wad Nayyal, da safe busasshe ƙayau, kafin la'asar ya cika ya tumbatsa, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka a kanmu ba, can sama aka yi shi. Tarakta ce ta ja ni. Ka tambayi mutanen gidan tukuna: daga titi zuwa ƙofarsu rafi nawa ne?

Hajiyar Mai Wurno:
Ɗana, ko yaushe za ku tafi, kada ka wuce da Inna garinmu ba ku tsaya ba. Nan Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ku kwana, ta miƙe ƙafa, ta ci tuwo da miyar kuka. Kuma a Sinnar ka kai ta ta ga madatsar ruwan nan ta 1925, don daga kan titi ba sosai ake hango kogin ba.

Malamin Sinja:
Ƙari kan na direba: tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 shingayen bincike sun yawaita, ku riƙe takardunku a hannu, kuma kada magariba ta same ku a hanya.

Ɗan Madani:
Allah ya saka da alheri. Na kira su, wai rafi uku ne, kuma jiya ma a keken jaki suka fito da mara lafiya. Na gaya wa Inna sai Nuwamba. Tun ɗazu ba ta kula ni ba.