Wane irin wayfai na USB risiba take karɓa? Nawa ya ƙi yi

Sabi'u mai caji:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin kayan lantarki a taimaka min da shawara. Ina da ɗan shagon cajin waya a ƙauyenmu ta wajen Taura, da sola nake aiki, akwai talabijin da ƙaramar risiba irin mai cin 12V ɗin nan da ake maƙalewa a bayan talabijin. A cikin menu ɗinta akwai ɓangaren intanet, akwai YouTube akwai wajen saita wayfai, to shi ne na ce bari in haɗa ta da hotsifot ɗin wayata saboda dattawan da suke zama a benci ƙofar shago bayan magariba su riƙa kallon tafsiri a babban allo maimakon a taru a kan waya ɗaya kowa na miƙo wuya, ga azumi kuma yana matsowa.

Ita risibar ba ta da wayfai a cikinta sai an sa mata na USB. Na ba da saƙo aka sayo min daga Kano, ɗan mitsitsi baƙi ba eriya, an rubuta 150Mbps a jikin kwalin. In na soka sai ta nuna alamar an sa wani abu a USB, amma da na shiga wajen wayfai sai ta ce babu na'ura, ko sunan hotsifot ɗaya ba ta kawowa. Na kai wa abokina malamin firamare da yake da laftof, yana sokawa ya buɗe kamar an sa faifan CD, ya danna, ya yi 'yan abubuwansa, nan take ya kama wayfai ya hau intanet. Ke nan dai abin lafiyarsa ƙalau. To ina matsalar take, risibar ce ko shi? Kuma in wani zan saya me zan ce a ba ni, don wlh kuɗin ba su kai a yi ta gwaji da su ba.

Baffa mai gyara, Wudil:

Wa alaikumus salam ƙanina. Risibarka lafiya lau take, shi ma abin da ka saya lafiya lau yake, jinsi ne bai zo ɗaya ba. Ƙwarya ce take bin ƙwarya.

Abin da za ka gane shi ne sunan da ke jikin kwali da wannan 150Mbps ɗin ba su ne risiba take dubawa ba. A cikin kowane ɗan wayfai akwai cip guda ɗaya wanda shi ne yake duk aikin, kuma kowane cip yana da nasa direban da na'ura za ta yi magana da shi. Laftof tana da wajen da za ta karɓi sabon direba duk sanda aka kawo mata, ita kuwa risiba 'yan kaɗan aka dasa mata tun daga kamfani a cikin sofwaya ɗinta kuma babu ƙofar da kai za ka ƙara mata wani. Ƙananan risibobin da suka cika kasuwanninmu, masu Sunplus 1506 da masu GX6605S da ire-irensu, yawancinsu cip biyu suka sani, MT7601 da RT5370. Wasu ɗaya kawai ma suke karɓa a cikin biyun. Shi RT5370 na kamfanin Ralink ne, MediaTek ta saye kamfanin a 2011, shi ya sa za ka ga ana haɗa sunayen biyu a waje ɗaya.

Sannan abin da ka faɗa na cewa ya buɗe kamar faifan CD a laftof, wannan shi ya gama ba ni amsa. Irin waɗannan da ake tallarsu da cewa ba sa buƙatar direba, direban ne aka ɓoye a cikinsu, in an soka sai ya fara gabatar da kansa a matsayin faifai, sai Windows ta ɗauki direban ta sa, sannan ya juye ya koma wayfai. Risiba ba ta san yadda za ta ce masa ya juye ba, sai ta tsaya tana kallonsa a matsayin faifai, shi ya sa ka ga alamar USB ta fito amma wajen wayfai wayam. Yawancin masu wannan ɗabi'ar cip ɗin Realtek ne a ciki, amma ka kula har a cikin masu 7601 akwai masu zuwa a haka, don haka duk wanda aka ce maka ba ya buƙatar direba ka ajiye musu kayansu.

Kafin ka kashe ko sisi ka duba takardar da ta zo da risibar ko bayan kwalinta, sau da yawa suna rubuta lambar da take karɓa da ƙananan haruffa a gefe.

Nazifi Gumel:

Oga kawai ka kai a yi mata filashin a sa sabuwar sofwaya, tawa haka aka yi mata ta dawo tana karɓar kowanne

Baffa mai gyara, Wudil:

A'a Nazifi kar ka tura shi wannan hanyar. Ban ce taka ba ta yi ba, amma babu sofwayar da za ta sa risiba ta karɓi kowanne, sai dai ta ƙara mata ɗaya ko biyu in kamfanin ya ga dama. Kuma ka tuna da sola yake aiki, in batir ya yi ƙasa ana tsakiyar filashin ko aka sa fayil ɗin da ba na allon cikinta ba, jar wuta kawai za ta tsaya tana nunawa, daga nan sai an nemo loda, wato manhajar kwamfuta da ake mayar mata da sofwaya da ita, da kebul na RS232 kafin ta farfaɗo, wata ma ba ta farfaɗowa. Ranar Juma'a da kasuwarmu take ci irinsu ake jibge min a kan tebur, kwali iri ɗaya suna iri ɗaya amma in ka buɗe allon ciki daban. A kan abin da canza ɗan wayfai zai magance ba a taɓa sofwaya.

Maryam, ɗaliba a Dutse:

Sannu da ƙoƙari Baffa, Allah ya ƙara basira. Yaya Sabi'u bari in ƙara maka hanyar da za ka san cip ɗin da ke ciki ba tare da ka fasa robar ba, don kwali yana ƙarya amma lambar ciki ba ta yi.

Ka koma wajen abokinka mai laftof, ku soka, ya buɗe Device Manager ya nemo wayfai ɗin a jerin kayan netiwok, ya shiga Properties sannan Details, ya zaɓi Hardware Ids. Za ku ga rubutu mai VID da PID. In ka ga VID_148F da PID_7601 to MT7601 ne na gaskiya, in PID_5370 ne to RT5370 ne. In kuwa VID_0BDA ka gani Realtek ne. Ko a waya ma ana iya dubawa in kana da ɗan kan OTG, wanda ake soka kayan USB a waya da shi, da manhajar da take nuna bayanin USB, ka ga a tsaye a gaban mai shago za ka iya tantancewa.

Kuma kar sunan babban kamfani ya ruɗe ka ka ce ai tunda mai tsada ne dole ya yi. Su kamfanonin suna canza cip su bar sunan kaya yadda yake. Misali TP-Link TL-WN727N, bugu na 3 RT5370 ne a ciki, bugu na 4 MT7601, wanda ya biyo baya kuma Realtek. Haka TL-WN722N, na farko Atheros AR9271 ne, na 2 da na 3 Realtek RTL8188EUS. Suna ɗaya, kamanni ɗaya, sai ɗan rubutun V3 ko V4 a kan sitika kusa da lambar kaya ne kawai zai bambanta maka. Mu ma mun sha fama da wannan a aikin makaranta da muka yi da wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi Zero, irin ta farko da ba ta da wayfai a ciki. Sauƙinta dai ita Linux ce a kai maimakon Windows, da 5370 da 7601 duk ta san su, wanda ba ta sani ba kuma kana iya zama ka sa mata direba, abin da risiba ba za ta ba ka dama ba ke nan.

Abu na biyu, ko ka samo wanda ya dace akwai saitin waya da yake hana ruwa gudu kuma mutane da yawa a nan suke mayar da kaya mai kyau su ce ya lalace. Waɗannan cip biyun 2.4GHz kaɗai suke gani. In hotsifot ɗin wayarka yana kan 5GHz har abada risiba ba za ta ga sunansa ba, ka shiga saitin hotsifot ka mayar da shi 2.4, tsaron kuma ka sa WPA2 don ba su san WPA3 ba. Sunan da kalmar sirrin ka yi su da haruffa da lambobi zalla, ka cire 'yan hotunan nan da ake ƙawata suna da su, dama da rimot za ka rubuta harafi ɗaya-ɗaya.

Kawu Ila, Kafin Hausa:

Slm. Ku yi haƙuri na shigo muku tsakiya, ni ma irin risibar ce da ni a gida. Shi wannan abin da kuke magana a ina ake sa masa layi? Ko in an soka shi ke nan intanet ya zo ba sai an sayi data ba

Maryam, ɗaliba a Dutse:

Wslm Kawu, ina wuni. Ba a sa masa layi, kuma ba ya kawo intanet da kansa. Aikinsa kawai ya ɗauko daga wayarka ko daga MiFi ya miƙa wa risiba, data dai ta layinka ce za ta tafi, kuma bidiyo yana shanta sosai, sai a rage ingancin hoton zuwa 360p in ana so ta yi auki. Wanda ake sa wa layi shi ne modem, kamarsu ɗaya a ido shi ya sa ake rikita su. Wasu risibobin suna da wajen 3G a menu suna karɓar tsofaffin modem na Huawei irin su E173 da E303, amma shi ma zaɓe suke yi.

Baffa mai gyara, Wudil:

Gaskiya ne 'yata. Kuma Malam Ila ni ba na ba mutumin ƙauye shawarar modem a jikin risiba, dalili biyu. Ramin USB 2.0 ƙa'idarsa 5V ne da 500mA, modem kuwa in sabis ya yi rauni ƙara jan wuta yake don ya kamo, sai ka ga yana ɗaukewa yana dawowa ko risibar ta mutu ta tashi da kanta. Na biyu, risiba a cikin ɗaki take a bayan talabijin ƙarƙashin rufin kwano, wajen da sabis ya fi ko'ina muni. Da wayfai kuwa sai ka rataye waya ko MiFi a taga ko a ƙusa a waje inda sabis yake kamawa, ita risiba ta jawo daga ciki, bangon ƙasa guda ɗaya ba ya hana 2.4 wucewa.

Sabi'u mai caji:

Allah ya saka da alheri Baffa, ke ma Malama Maryam na gode ƙwarai. Mun duba a laftof ɗin, VID_0BDA ne PID_B711. Na kuma nemo kwalin risibar, a gefe can ƙasa an rubuta 7601 da 5370 duka biyun. Hotsifot ɗin ma ashe a kan 5GHz yake, na mayar. Abokin nawa ya ce zai karɓi wannan ɗin tunda wayfai ɗin laftof ɗinsa dama yana ba shi wahala, ya ba ni kuɗin in cika in sayi wani.

Saura tambaya biyu. Mai eriya zan saya ko ɗan ƙaramin? Sannan ramin USB ɗaya ne a risibar kuma ina sa filas a ciki wani lokacin, in na sayi abin nan mai raba rami huɗu zai yi?

Baffa mai gyara, Wudil:

To ka gani, B711 ɗin nan RTL8188GU ne, risibarka ba ta san shi ba.

Mai eriya za ka saya. Ɗan mitsitsin an yi shi ne don laftof da ke kusa da rauta, a bayan talabijin kuwa ga ƙarfe ga zafi, in bazara ta shigo wajen Maris da Afrilu shagon kwano da rana ka san yadda yake, ƙananan nan suna ɗaukar zafi su riƙa yankewa. Ka haɗa da gajeren kebul na ƙari, kamu biyu zuwa uku ya isa, mai kauri, don ka fito da eriyar daga bayan talabijin ta kalli inda wayar take. Dogon kebul siriri wuta yake cinyewa a hanya.

Mai raba ramin kuma in ba mai nasa cajar ba ne ka bar shi, 500mA ɗin nan ita za su raba tsakaninsu, kuma wasu risibobin sam ba sa ganin abin da aka soka ta cikinsa. In za ka kalli na filas ka zare wayfai, in ka gama ka mayar, ka riƙa kashe risibar kafin ka canza don wasu sai a wajen tashi suke neman wayfai ɗin.

Kar ka sake ba da saƙo, ka je da kanka ko ka ba wanda zai tsaya a gwada. Risibar ai aljihu take shiga, ka ɗauke ta da cajarta da rimot. In ka shiga Kano ka nufi wajen masu kayan dish a Sabon Gari, su kullum da risiba suke aiki kuma akwai talabijin a kunne a shagunansu, ka ce eriyar wayfai ta risiba mai 7601 kake so. 'Yan waya na Farm Centre da 'yan kwamfuta na Beirut Road su ma suna da shi amma su da laftof za su gwada maka, kuma ka riga ka ga laftof komai karɓa take. A soka a taka risibar, ka kunna hotsifot, sai ka ga sunan wayarka ya fito a allo ka sa kalmar sirri ta haɗu, sannan ka buɗe YouTube ɗin a gabansa. Wannan na ƙarshen kar ka tsallake shi, don a wasu tsofaffin risibobin intanet yana haɗuwa lafiya amma manhajar YouTube ɗin cikinsu ta daina aiki saboda ba a sabunta ta. In taka ta yi haka kar ka biya tukuna, ka ɗauki hoton shafin bayanin risibar inda lambar sofwaya da ta allo suke ka turo nan in duba maka ko akwai gyaranta.

Sabi'u mai caji:

In sha Allahu haka za a yi Baffa. Ranar Lahadi in an tashi daga kasuwar Gujungu akwai motar da take wucewa Kano, zan bi ta da risibar in kwana wajen yayana, Litinin da safe in shiga Sabon Gari.