Kuɗin wasanni da zane a sukul ɗin kuɗi: mu biya ko mu ba tican lissafi?

Maman yara, Asawase:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda yaransu ke firaibet sukul ko masu aikin tica. Yarinyata tana JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare, a wani sukul na kuɗi nan Kumasi, ba zan faɗi sunansa ba. Wannan tam ɗin sun kawo bil da sabon layi a ƙasa, wai kuɗin wasanni da zane-zane da kulob, kuma sun ce sun ɗauko wata madam da za ta riƙa zama da yara tana jin damuwarsu. Kuɗin ba kaɗan ba ne in ka haɗa da na abinci da na bas da na littattafai. Sun ce ba dole ba ne, amma yaron da bai biya ba sai ya zauna a kilas ran Laraba da yamma lokacin da sauran suka fita fili.

Babansu ya ce sam, BECE, jarrabawar gama JHS, na nan tafe, gara a ba tican lissafi kuɗin ya riƙa zuwa gida. Kakarta kuma, uwar mijina, nata daban ne, ita gudun ne ba ta so, ta ce 'ya mace ta fara girma ba za a gan ta tana tsere da gajeren wando gaban maza ba. Ni kuma ina tsakiya don yarinyar nan tun firamare in ana intahaus ita ke cin gudu, kuma bayan littattafanta duk zanen riguna ne da mayafai. Abin da ya fi damuna shi ne kwanakin nan ta yi shiru da yawa, ta dawo sukul ta ci abinci ta wuce makaranta wajen malam, ta dawo bayan magariba ta kama homwok har barci ya ɗauke ta a kan littafi, da safe kuma sai ciwon kai. Abin nan yana da amfani da gaske ko hanyar karɓar kuɗi ce kawai?

Alhaji mai kanti, Aboabo:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ina bayan maigidanki, kuma ba don rowa ba. Mun kai yara firaibet ne don su sami agrigeit mai kyau, wato jimlar makin BECE, kwamfutar da ke raba yara ta ba su sukul na kirki, ba don komai ba. Tun da aka fara Free SHS, karatun babbar sakandare kyauta, a 2017 kowa Prempeh da Opoku Ware da St. Louis da Yaa Asantewaa yake so, kuma kin san a lokacin aka ware kashi 30 cikin 100 na gurbi a manyan sukul ɗin nan ga yaran JHS na gwamnati, wato ɗan firaibet sai ya fi kowa ƙoƙari kafin ya shiga. To a wannan hali za a ce in biya kuɗin gudu?

Na taɓa biyan irin wannan a wani sukul da ƙaramin ɗana ya yi. Sukul ɗin gida ne mai bene, tsakar gidan siminti, ko bas ɗinsu ba ta iya juyawa a ciki. Kuɗin wasanni kuwa kowane tam sai mun biya, abin da yaron ya samu shi ne riga mai launin rukuninsu na intahaus da rana ɗaya a shekara da aka kai su wani fili aka kunna sifika. Kafin ki ba da ko pesewa ki je ki ga filin da idonki.

Tican JHS, Tafo Zongo:

Alhaji Baba maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, a je a gani. Amma ta farkon ina da ja, ka yi haƙuri.

Hajiya, zanen nan da ake gani kamar wasa yanzu darasi ne da ake rubutawa a BECE. Tun 2024 da yaran sabon tsarin karatu suka fara rubuta jarrabawa akwai takardar Creative Arts and Design, a shekarar ne ma aka shigo da Larabci ga wanda yake so. Agrigeit kuma darussa shida ake haɗawa, huɗu na dole, Turanci da lissafi da kimiyya da soshiyal, sai biyu da yaro ya fi ci a cikin sauran. To yarinyar da hannunta ya iya zane tana iya cin 1, wato maki mafi kyau, a wannan takardar, kuma 1 ɗin zane da 1 ɗin lissafi a lissafin agrigeit nauyinsu ɗaya. Ki faɗa wa maigida wannan, don da harshen jarrabawa za ki fi shawo kansa.

Na biyu, ni ina tsaye gaban yaran nan kullum. Yaron Zongo ranarsa ta fi ta sauran yaran kilas tsawo, ya tashi asuba, wani ya ɗebo ruwa wata ta taya uwarta kai koko da ƙosai bakin hanya, sukul har ƙarfe uku ko huɗu in akwai ekstra kilas, makaranta da yamma, Asabar da Lahadi ma makaranta. In ka ƙara masa tican gida a kan wannan ba karatu ka ƙara ba, awa ka ƙara wa kan da ya riga ya cika. Ina ganinsu bayan ƙarfe ɗaya, ido a buɗe amma ba kowa a gida. Ranar da muka fita fili kuwa washegari kilas ɗin daban yake, har wanda ba ya magana sai ka ji ya ɗaga hannu.

Abin da zan ce ki tambayi mai sukul: wane ne tican wasannin, aikinsa ke nan ko tican Faransanci ne aka ba shi usur? Ina filin, nasu ne ko haya suke yi, kuma yaya yara ke zuwa can? Kayan zane su za su saya ko za a sake aiko miki da lis? Ki ce a nuna miki taimtebul, ki duba ko 'yan JHS 3 ma suna fita, don wasu da yaro ya shiga ajin ƙarshe sai su cinye lokacin wasan da mok, wato jarrabawar gwaji, amma kuɗin yana nan a bil. Ki kuma tambaya ko suna da lasin NaSIA, su ne hukumar da ke duba sukul har da na kuɗi. Mai sukul da ke yin abin da gaske zai ji daɗin tambayoyin nan, shi da kansa zai zaga da ke.

Tsohuwar 'yar Inta-Ko, Sawaba:

Mma sannu da ƙoƙari. Ni maganar Kaka ce ta sa na shigo, don abin da aka yi a gidanmu ke nan sak. Na yi gudun mita 400 da rile a SHS, na taka Baba Yara Stadium lokacin Inta-Ko, gasar wasanni tsakanin sukul-sukul na SHS, wanda bai taɓa shiga wurin nan ranar Super Zonal ba ba zai gane ba, ganguna da waƙoƙin zuga na jama ta ko'ina, 'yan sukul ɗin T.I. AMASS in suka fito kowa ya san yau akwai aiki. Kakata ta ƙi da farko, kuma ba ta yi laifi ba don kayan da ake ba mu gaskiya ba na 'yar Musulmi ba ne. Abin da Mmata ta yi, ta je Kejetia ta sayo dogon tait baƙi da riga mai dogon hannu na sawa a ƙarƙashin jesi, ta kai wa tela ya ɗinka mini ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba ya tashi da iska, ta sa na saka duka na tsaya gaban Kaka a tsakar gida. Kaka ta juya ni gaba da baya, ta ja rigar ta ga ba ta ɗagewa, ta ce to Allah ya tsare. Daga baya ita ke tambaya ta nawa na zo.

Kuma ba wai alfarma za a yi mata ba. Ko ƙwallon ƙafa tun 2014 dokarta ta yarda mace ta rufe kai ta buga. In sukul ya ce dole sai gajeren wando to nan ne za ki san irin sukul ɗin da kike biya.

Ba na cewa kowace yarinya za ta zama Martha Bissah da ta ciyo wa Gana zinariya a mita 800 a gasar Olimfik ta matasa a Nanjing 2014, daga baya ta tafi karatu Amurka, ko Mukarama Abdulai 'yar Tamale da ta fi kowa cin ƙwallo a kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2018. Ni kaina ban zama ba, ɗinki nake yi yanzu. Amma abin da gudu ya ba ni yana nan, na iya tsayawa gaban mutane ba na rawar jiki, na yi ƙawaye Asante da Frafra da Ewe waɗanda har yau muna zuwa sunan juna, kuma shekarun da 'yan mata da yawa a layinmu suka fara bin samari ni tirenin ya riƙe ni, in na dawo ba ni da ƙarfin yawo.

Nas, Ayigya Zongo:

Yaya, kowa ya kama maganar kuɗi da gudu, ni shirun nan da ciwon kan safe ne suka tsaya mini. Kar ki bari ya wuce haka. Yarinya mai shekarunta tana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma, kuma WHO ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana, ki lissafa da kanki ki ga nawa take samu. Yana iya zama gajiya ce kawai. Yana iya zama ƙarancin jini in ta fara al'ada, ko ido ne ke buƙatar tabarau, ku ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS ku je a duba. Yana kuma iya zama wani abu ne a sukul, tsokana, ko tica mai zagi, ko wani a bas ko a hanya da yake damunta ta rasa yadda za ta faɗa. Mu a gidajenmu yaro mai shiru cewa muke yi yana da kunya ko ya yi hankali, sai abu ya yi nisa a fara cewa aljanu ne.

Kar ki zaunar da ita ki ce faɗa mini me ke damunki, ba za ta faɗa ba. Ki ja ta kicin kuna yanka albasa ko kina mata kitso, ki fara da zanen rigunan nan nata, maganar za ta fito da kanta.

Madam ɗin da suka ɗauko kuma abu ne mai kyau in ta san aikin. Ki je ku gaisa. Ki tambaye ta ko ta karanci aikin ba da shawara, tana da ɗakin da yaro zai yi magana ba a ji ba ko a ofishin ticoci take zaune, kuma in yaro ya faɗa mata magana wa take gaya wa. In sirrin yaro zai zama hirar ticoci gara babu. Ki tambaya har yanzu suna bulala? Hukumar ilimi ta Gana, GES, ta hana duka a sukul tun 2017 amma wasu na kuɗi suna yi, iyaye ma na cewa a ƙara. Sannan duk wanda ɗansa ke da sikila ko asma ya faɗa wa tican wasanni tun kafin a fara, musamman lokacin hunturu da ƙura, kuma a tabbata akwai ruwan sha a fili.

Maman yara, Asawase:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tica wallahi ban san zanen yana shiga agrigeit ba, yau da dare zan nuna wa babansu. Anti Nas maganarki ta shige ni, gobe in Allah ya kai mu za mu je a duba jininta. Sauran matsala ɗaya, ran Laraba in sun fita fili ba za ta dawo da wuri ba, makarantar malam za ta wuce ta, kuma malam ba ya wasa da fashi.

Malamin makaranta, Akwatia Line:

Hajiya wannan mai sauƙi ne, ki je wajen malaminta da kanki, kar ki aika yarinya. Mu abin da ke ɓata mana rai shi ne yaro ya ɓace ba labari. In uwa ta zo ta ce ranar kaza 'yata za ta makara saboda kaza, ni kan ce ta zo ta biya haddarta ran Asabar da safe kafin sauran. Ai Alhamis da Juma'a dama hutu ne a makarantu da yawa tun zamanin iyayenmu, in sukul zai yarda ya mayar da wasannin Alhamis ma an huta gaba ɗaya, kuma ba ke kaɗai ba ce, na tabbata yaran Zongo a sukul ɗin suna da yawa.

Nan ne nake ganin laifinmu mu iyaye. Ana kiran taron PTA ba ma zuwa, mata na kasuwa maza na tasha, sai a yanke komai ba mu, daga baya mu zo muna ƙorafi an sa intahaus cikin azumi, ko an sa mok daidai lokacin sallar Juma'a, ko an shirya wasan ƙarshen shekara duk waƙoƙin coci ba ko ƙira'a ɗaya. Kun tuna hayaniyar da aka yi a 2021 kan azumin ɗalibai Musulmi a sukul ɗin 'yan mata na Wesley Girls, har manya suka shiga. Sukul ɗin kuɗi kuwa ya fi sauƙin magana don mai shi yana jin iyaye, ku ne kasuwarsa. Ku haɗu ku biyar ko goma ku je tare, ku nemi wurin sallar azahar ko da kilas ɗaya ne da tabarma, a ɗaga wasanni masu wahala in watan azumi ya kama, a bar 'yan mata su sa dogon wando. In ana bikin al'adu kuma ku kai namu, yaranmu su sa babbar riga su yi gaisuwar Sarkin Zongo da kalangu yadda yaran Asante ke yin rawar adowa da kente, iyayen wasu ma su gani.

Gudu kuwa ba haramun ba ne, Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, hadisin yana cikin Abu Dawud. Sutura ce abin dubawa da kuma wanda ke tare da su a fili, ya kamata a ce akwai tica mace duk ranar da 'yan mata suka fita. In Kaka ba ta gamsu ba ki faɗa mini unguwar, akwai malamai mata a Asawase da za su iya zuwa su zauna da ita. Tican Tafo, kai da ka san ciki, taron PTA ɗin nan iyaye na iya neman a sa magana a ajanda tun kafin ranar, ko sai an je wurin ake ɗaga hannu?