Masu cacar NBA, a ina kuɗinku ya zurare?

Ɗan Kwando: Jama'a barkanmu. Shekara huɗu ina zuba kuɗi a wasannin NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma ina bugun ƙirji na san ƙwallon kwando. Makon jiya na zauna na yi lissafi daga farko, sai ga shi kuɗin da na faɗi ya fi wanda na ci yawa, nesa ba kusa ba. Abin haushin, hasashena yakan yi daidai fiye da rabi. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ban da "an ce".

Mai Alli: Ɗan'uwa, fiye da rabin nan da nawa? Nan ne gizo ke saƙar. Yawancin wasannin handikaf, wato cacar tazarar maki tsakanin ƙungiyoyin biyu, ana ba da su a kan 1.91: ka zuba 1, in ka ci a ba ka 1.91 har da uwar kuɗinka. Ka zuba sau 100 da kuɗi iri ɗaya, ka ci 52, ka faɗi 48, wallahi asara ka yi. Sai ka ci 53 kafin ka ga 'yar riba, ita ma ba ta taka kara ta karya ba. Ni sai da na sayi littafi ina rubuta kowane tikiti na gane haka. Da can kaina cin kawai yake riƙewa, faɗuwar kuwa ta bi ruwa. Wata uku da fara rubutu na ga wasannin da na zaɓa da rana, hankali kwance, ba su cinye ni ba. Waɗanda na danna ana tsakiyar wasa, raina a ɓace, su suka kwashe komai.

Baban Yara: Ni Detroit ce ta koya mini hankali. Kakar 2023 zuwa 2024, lokacin da ƙungiyarsu, Pistons, ta shiga jerin rashin nasara. Da abin ya yi nisa na ce ai ba ƙungiyar ƙwararru da za ta yi ta shan kashi har abada, yau ko gobe dole su ci. Na raba jarina kashi 100, na zuba kashi 1. Suka faɗi. Na zuba 2, sannan 4, 8, 16, 32. Wasa shida ke nan, kashi 63 sun tafi. Na bakwai yana neman 64, ni kuma 37 suka rage mini. A nan na tsaya, ba don na yi wayo ba, don aljihu ya ƙi.

Sun faɗi wasa 28 a jere kafin su doke Toronto ranar 30 ga Disamba, 2023, da tazarar maki biyu kacal. Wasan da ya gabace shi ma sun ba Boston tazarar maki 21, aka zo aka kamo su, aka cinye su a ƙarin lokaci. Na kalle shi ba ko sisina a ciki, amma gumi nake. Ƙwallo ba ta san bashin da kake bin ta ba, malam. Tun daga nan ba na wuce kashi 1 a wasa ɗaya, ko da na yi mafarkin sakamakon.

Hajiya Lissafi: Baban Yara, Allah Ya mayar da alheri. Ni tawa matsalar jerin gwano ce, wasa biyar ko shida a tikiti ɗaya. Huɗu su shiga, ɗaya ya ɓata, in ce saura ƙiris. Ƙiris ɗin nan ta ci mini shekara guda. Wasa biyar da kowanne rabi da rabi ne, damar su shiga duka 1 ce cikin 32.

Ɗan Kwando: Hajiya kamar kin leƙa wayata.

Na Bayan Fili: Bari in kawo ɓangaren dabara, tunda kowa kuka yake. Ƙungiya 30, kowacce wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, ba wanda zai iya bin su duka. Na zaɓi huɗu na lazimce su. Abu na farko da nake dubawa jadawali ne: wa ya buga jiya zai sake bugawa yau, wa ya tsallaka Amurka daga gabas zuwa yamma, wa zai je Denver, inda filin yake sama da teku da kusan mita 1,600 kuma baƙi ke saurin haki. Na biyu rahoton masu rauni. Sau biyu ina zubawa da wuri, ana dab da farawa a ce an hutar da babban ɗan wasan. Yanzu sai na ga waɗanda za su fara. Sai dai in faɗi gaskiya, masu tsara farashin su ma sun san Denver, sun san jadawali, sun riga ni sanya shi a lissafi. Dabarar ta rage mini asara ne kawai. Kuma minti biyun ƙarshe ba su da magani: ƙungiyarka tana gaba da 12, koci ya fitar da manya, yara su shigo a jefa musu biyu daga nesa, ƙungiyarka ta ci wasa kai ka faɗi handikaf.

Mai Alli: Ƙara da cacar makin ɗan wasa ɗaya. Tun da aka kori Jontay Porter na Toronto har abada a Afrilun 2024, bayan an gano yana fita daga wasa da wuri don masu cacar "ƙasa", wato waɗanda suka zuba cewa ba zai kai adadin da aka sa masa ba, su ci, na wanke hannuna daga wannan.

Tsohon Ɗan Wasa: 'Yan'uwa, ni na bari gaba ɗaya, wata goma sha huɗu ke nan. Duk dokokin nan na kafa wa kaina, littafi da kashi 1 da komai, kuma ina bin su lafiya lau ranar da nake ci. Ranar faɗuwa ce ba sa aiki. Da na kama kaina ina yi wa mai ɗakina ƙarya kan inda kuɗi ya shiga, ga kuma abin da na sani sarai addinina ya ce game da caca, sai na rufe asusun na miƙa wa yayana katin banki na wani lokaci. Makonnin farko wasa ba ya mini daɗi ko kaɗan, kamar miya ba gishiri. Yanzu ya dawo.

Ɗan Kwando: Yaya, da ka rufe asusun, ba su yi ta turo maka saƙon garaɓasa ba? Ni abin da ke dawo da ni ke nan.

Tsohon Ɗan Wasa: Sun yi, har wata biyu. Layin na canza.