Wani ya ce zai saka shafina a kundi 300 kan naira dubu 45, in biya ko in bari?

Mai Turaren Wuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina da na sani.

Ina haɗa turaren wuta da humra a gida, a nan Kano, shekara biyar ke nan. Bara ƙanena ya buɗe min shafin intanet, muka sa hotunan kaya da farashi da lambar waya. Ni kuma nakan ɗan yi rubutu jefi-jefi, kamar yadda ake gane sandal mai kyau, ko yadda za a ajiye turare kada danshin damina ya ɓata shi. Shafin ya yi kyau ba laifi, amma shiru kamar an shuka dusa. Duk cinikina daga WhatsApp da Instagram yake zuwa, ga shi wata mai kamawa za a sake biyan kuɗin shekara.

Shekaranjiya wani ya turo min saƙo, ya ce abin da ya hana a gan ni a Google shi ne ba a saka ni a kundin shafuka ba, wato irin wuraren nan da ake jera sunayen shafuka rukuni-rukuni, kowanne da linkinsa. Ya ce zai saka ni a guda 300 kan naira dubu 45, cikin sati biyu in hau sahun farko. Har jerin sunayen ya turo min. Maigida ya ce shi bai san kan abin ba, in tambayi masu ilimi. To ga ni. Kuɗin nan na saro itace da madarar turare ne, ba wai rara ba ce.

Ɗan Kwari:

Wa alaikumussalam. Hajiya riƙe kuɗinki. Ni na riga ki faɗawa wannan ramin.

Shekarun baya na buɗe wa shagonmu na atamfa da shadda shafi, wani yaro ya zo min da irin wannan magana, nasa ma 500 ne. Na biya. Bayan kwana goma ya turo min doguwar takarda, layi-layi, ya ce an gama. Na zauna da dare ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wani bai buɗe ba, wani ya buɗe na tarar an ajiye shagona tsakanin tallar caca da tallar maganin ƙarfin maza, da wani yare da ban ma san na wace ƙasa ba ne. Abin da na samu daga wannan aiki shi ne akwatin imel ɗina ya cika da tarkace, kullum sai an turo min ana so a ba ni bashi ko a sake "gyara min" shafin. Ko yadi ɗaya ban sayar ta dalilinsu ba. Da na nemi yaron sai ya ce ai abin yana ɗaukar wata shida. Har yau wata shidan bai cika ba.

Injiniya:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Bari in ɗan ja maganar, domin mutumin nan ba zallar ƙarya ya yi miki ba, tsohon labari ya kawo miki a matsayin sabo.

Manyanmu a nan za su tuna littafin lambobin waya na zamanin NITEL, wanda idan kana neman lambar wani kamfani sai ka buɗe ka duba. Farkon intanet haka take. Yahoo ma da haka ta fara a 1994, ɗalibai biyu a jami'ar Stanford ta Amurka, Jerry Yang da David Filo, suna tattara shafukan da suka burge su suna jerawa. A 1998 aka kafa wani kundin da aka fi sani da DMOZ, wanda 'yan sa-kai ke duba kowane shafi da idonsu kafin su karɓa, mutum kan jira watanni ba a saka shi ba. Ita Yahoo har dala 299 take karɓa a shekara daga shafukan kasuwanci, kuma kuɗin dubawa ne kawai, ba alkawarin za a saka ka ba. A lokacin shiga irin waɗannan wurare abin alfahari ne, don mutane da gaske suna buɗe su su nemi abu.

Sai Google ta zo da dabarar ƙirga linki. Idan shafuka da yawa suna nuno shafinka, sai ta ɗauka kana da daraja ta ɗaga ka sama. Kin san halin ɗan Adam. Nan da nan aka fara buɗe kundaye dubbai waɗanda ba don mai karatu aka yi su ba, don kawai a sayar da linki. Google ta gano, a watan Afrilu na 2012 ta fito da wani gyara da ake kira Penguin, wanda ya dinga kayar da shafukan da suka tara linkin bogi. Tun daga 2016 ta fi karkata ga yin watsi da irin waɗannan linki, ta ƙi ƙirga su kwata-kwata. Har yanzu kuma a cikin ƙa'idojinta ta ambaci linki daga kundaye marasa inganci a jerin abubuwan da take ɗauka maguɗi.

Su manyan fa? Google ta rufe nata kundin a 2011, Yahoo ta rufe nata a ƙarshen 2014, DMOZ ya bi su a watan Maris na 2017. Wasu daga cikin 'yan sa-kan sun ci gaba da aikin da sunan Curlie, amma ban taɓa ganin wata amarya ta shiga can neman turaren ɗaki ba. To idan waɗanda suka ƙirƙiro sana'ar sun tattara kayansu, guda 300 ɗin da ke hannun mutuminki su waye?

Batun "sahun farko cikin sati biyu" kuwa, ita Google da bakinta ta ce babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Duk wanda ya ba ki, kin san da wa kike magana.

Maman Biyu:

Ni dai Injiniya kada a yi musu kuɗin goro. Ina yin kek da cincin da dubulan na biki, kuma akwai wani wuri da ake jera masu hidimar biki na garinmu, masu kwalliya, masu lalle, masu ɗaukar hoto, masu girki. Na biya su ɗan kuɗi kaɗan suka sa ni, kuma wallahi na samu aiki ta nan, fiye da sau ɗaya. Wata ma daga Kaduna ta kira ni za ta aurar da 'ya a nan, ta ce a can ta ga hoton kek ɗina. Turaren wuta kuwa ai kayan amare ne, ina ganin irin wannan zai yi mata amfani.

Injiniya:

Anti ba mu saɓa ba ko kaɗan. Naki ya yi aiki ne saboda uwar amarya ta buɗe wurin da hannunta tana neman mai kek. Ba Google ce ta kawo miki ita ba, ita ce ta zo. Wannan shi ne abin dubawa a kowane kundi: wa yake buɗe shi, kuma me yake nema?

Hajiya, ki ɗauki goma daga jerin da ya turo miki, ki yi musu wannan gwajin da kanki, ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Ki buɗe ki ga ko yana da rukunin da ya dace da sana'arki, ko kuwa an cakuɗa turare da inshorar mota da caca a waje ɗaya. Ki danna shafuka biyar da ke ciki ki ga nawa ne ke da rai. Ki duba ko akwai wani mutum da ke tantancewa. Wurin da ke karɓar kowa cikin minti ɗaya, babu wanda ke gadinsa. Sannan ki rubuta "turaren wuta Kano" a Google ki ga ko shi kundin kansa ya fito. Idan shi bai iya fito da kansa ba, ta yaya zai fito da ke?

Wani abu kuma da masu wannan sana'a ba sa faɗa. Tun 2005 akwai wata alama da ake liƙa wa linki mai suna nofollow, ma'anarta mai shafin yana cewa "ban tsaya wa wannan ba". Kundaye da yawa suna sa ta, kuma ƙa'idar Google ita ce duk linkin da aka biya kuɗi a kansa dole a yi masa irin wannan alama. Ke nan ko dai linkin ba zai ɗaga ki ba, ko kuma an karya ƙa'ida da sunanki. Idan ya fara yi miki maganar wata lamba da ake kira DA, wato makin da ake auna darajar shafi da shi, ya ce wurarensa suna da 50 ko 60, ki sani wani kamfani mai suna Moz ne ya ƙirƙiro wannan ma'auni, ba na Google ba ne, kuma ana iya kumbura shi.

Amaryar Bana:

Afuwan na katse ku. Hajiya nawa ne kwalbar humra fara, kuma kina aikawa Zariya?

Mai Turaren Wuta:

Ina aikawa ƙanwata, ta mota. Ki yi min magana ta gefe kada mu cika wa mutane waje.

Malam Mai Kafe:

Ni aikina ke nan kullum, mutane suna zuwa shagona in cike musu fom, in buɗe musu wannan da wancan. Abin da na ga yana kawo wa ƙananan 'yan kasuwa kira shi ne rajistar kasuwanci ta Google, wadda ake kira Google Business Profile. Kyauta ce. Ita ce ke sa idan mutum ya nemi "mai gyaran waya kusa da ni" sai taswira ta fito da shaguna da lambobinsu da lokacin buɗewa. In an duba, ita ma kundi ce, bambancin kawai ita ana buɗe ta. Za su nemi ki tabbatar da cewa sana'ar taki ce, sau da yawa ta hanyar ɗaukar ɗan bidiyo na wurin aiki da kayan aiki.

Sharaɗinsu shi ne ya kasance kina haɗuwa da masu saye ido da ido, ko su zo ko a kai musu. Wanda komai nasa a intanet yake farawa ya ƙare bai cika sharaɗi ba. Kuma duk inda za ki rubuta sunan sana'arki da lambar waya, ki rubuta su iri ɗaya. Na ga wanda ya sa suna uku daban-daban a wurare uku, da tsohuwar lambar da ya daina amfani da ita, yana mamakin ba a kiransa.

Abu na ƙarshe, kada ki kuskura ki ba wa baƙon da ya same ki a waya lambar sirrin shafinki ko ta imel. Saka suna a kundi ba ya buƙatar wannan. In ya nema, to akwai lauje cikin naɗi.

Ɗan Kwari:

Malam ka tuna min, nawa ma ya nema, Allah Ya taimake ni yaron shagona ya hana ni.

Injiniya:

Hajiya wani abu ya tsaya min a rai. Kin ce shekara guda shiru. Shafin da ke da rubutun Hausa a kan turare bai kamata ya yi shiru haka ba, don masu rubutu a wannan fanni ba su da yawa. Ki shiga Google ki rubuta site: sai ki liƙa adireshin shafinki a jikinsa ba tare da tazara ba. Zai nuna miki abin da Google ta sani daga shafin. Ki faɗa mana abin da kika gani. Sannan ki ce wa ƙanenki ya haɗa shafin da Google Search Console, shi ma kyauta ne, a nan za ki ga kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso gare ki.

Mai Turaren Wuta:

Jama'a na dawo, Allah Ya saka da alheri.

Na fara da gwajin jerin. A goman da na buɗe, huɗu ba su buɗe ba sam, ɗaya wayata ta gargaɗe ni kada in shiga, sauran kuwa irin abin da Alhaji Ɗan Kwari ya faɗa ne, har na ji kunya yara na kusa. Babu ko ɗaya na Najeriya.

Sai na yi na Injiniya, na rubuta site: da adireshina. Babu komai. Ko shafi ɗaya. Na kira ƙanena, ya zo bayan la'asar da kwamfutarsa yana cika baki wai ba zai yiwu ba. Ya yi ta dube-dube, can sai na ga ya yi shiru ya dafe kai. Ashe da WordPress, wata manhajar gina shafuka, ya gina shafin, kuma akwai wani ɗan akwati a saituna da ake dannawa don a ce wa injunan bincike kada su sa shafin a sakamakonsu. Ya danna shi lokacin da yake gini don kada a ga aiki rabi da rabi, ya manta bai cire ba. Shekara guda cur ina rubutu a ɗaki a kulle. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ya cire, ya haɗa shafin da Search Console ɗin da Injiniya ya ce, ya ce mu ba shi 'yan kwanaki ko makonni.

Shi kuma mutumin na ce masa na fasa. Nan take ya ce to in kawo dubu 15. Ban amsa ba.

Maman Biyu don Allah ki turo min sunan wurin masu hidimar bikin nan ta gefe, in duba. Malam Mai Kafe, tambayata gare ka: a gida nake sana'a, kuma maigida ba zai yarda a sa adireshin gidanmu a taswira kowa ya gani ba. Akwai yadda za a yi?

Malam Mai Kafe:

Akwai Hajiya. Tunda ana kai wa mutane kaya har gida, wajen rajista za ki nuna cewa ke ce ke kai wa masu saye, sai ki ɓoye adireshin ki zaɓi yankunan da kike kaiwa. Google za ta san adireshin don tantancewa, amma jama'a yankin kawai za su gani. Ranar da za ki yi bidiyon, ki tanadi kwalabe masu ɗauke da sunan sana'arki da kaskon turare da kayan haɗi a kusa, kuma ki yi shi da rana inda akwai haske.